Ciwon Gaban Gwiwa: Yadda Filasta Ke Taimakawa

Duk wanda ya bi Titin Koudoukou da safe, a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, zai ga yadda mutane ke cin abinci da gwiwoyinsu. Ga mai tura amalanke cike da buhunan garin rogo. Ga ɗan dako yana hawa da sauka daga bayan babbar mota. Ga tela a kan keken ɗinki, ga mai tuyar ƙosai a kan 'yar kujera tun asuba, ga ɗan acaɓa da ƙafa a lanƙwashe wuni guda. A ƙauye ma haka abin yake: noma a sunkuye, wanki a tsugune, ɗaukar ruwa daga rafi zuwa kan tudu. Ranar da gwiwa ta ƙi, a gidaje da yawa ba a ɗora tukunya.

Mai karatu, wannan ɗan littafi yana magana a kan ciwo iri ɗaya tak, wato ciwon da ake ji a gaban gwiwa, kewaye da ƙoƙon gwiwa ko a bayansa. Ciwo ne mai yawa. Wani babban nazari da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa wajen mutum 23 cikin 100 suna fama da shi a cikin shekara guda, kuma ya fi kama mata da matasa. Za mu nuna maka yadda ake manna filasta don a rage zafinsa, da lokacin da bai kamata a manna ba, da abin da ke warkar da shi. In muka ce "ka", da ke ma muke, 'yar'uwa.

Yadda gwiwa take

Ka miƙe ƙafarka a kan tabarma, ka saki jiki, ka taɓa gaban gwiwarka. Ƙashin nan mai kama da ɗan murfi shi ne ƙoƙon gwiwa. In ka tura shi da yatsa za ka ji yana motsi dama da hagu. Daga sama, babbar tsokar gaban cinya ce ke riƙe da shi. Daga ƙasa, wata jijiya mai kauri ce ta ɗaure shi da ƙashin ƙwauri. A bayansa, ƙashin cinya yana da kwari, kuma cikin kwarin nan ƙoƙon yake zamewa sama da ƙasa duk lokacin da ka lanƙwasa ƙafa ko ka miƙe ta.

Ka tuna da itacen bakin rijiya wanda igiyar guga ta yi wa kwari. Muddin igiya tana bin kwarinta, jan ruwa yana da sauƙi. In ta hau gefe, sai ta yi ta goga tana cin kanta. Haka ƙoƙon gwiwa yake. In tsokokin cinya da na ɗuwawu suka yi rauni, gwiwa takan faɗa ciki lokacin da kake takawa, ƙoƙon kuwa ya danne gefe ɗaya na kwarin, yawanci gefen waje.

Nauyin da ke kan wurin ba kaɗan ba ne. A tafiya kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ƙoƙon gwiwa yana ɗaukar wajen rabin nauyin jikinka. A kan matakala yana ɗaukar wajen ninki 3. A cikakken tsuguno yana iya kaiwa ninki 7. Mutum mai kilo 60, in ya tsuguna, ƙoƙon gwiwarsa na iya jin matsin da ya haura kilo 400. Ka ƙara buhu a ka, ka ga inda lissafin zai kai. Shi ya sa ciwon yakan fara bayan aiki ya ƙaru farat ɗaya, kamar farkon damina, ko sabon aikin dako, ko doguwar tafiyar da ba a saba ba.

Yaya za ka gane shi?

- Ciwon yana gaban gwiwa. In aka ce ka nuna wurin, da tafin hannu za ka rufe ƙoƙon, ba da yatsa ɗaya ba.
- Yana ƙaruwa wajen gangara tudu, sauka daga matakala, tsuguno, durƙuso, ko gudu.
- In ka daɗe a zaune da ƙafa a lanƙwashe, kamar cikin mota daga Bouar zuwa Bangui, tashi yakan yi wuya.
- A hankali ya fara. Ba faɗuwa ka yi ba, ba a kuma buge ka ba.
- Babu babban kumburi, babu zazzaɓi.

Wasu suna jin ƙaras-ƙaras in sun lanƙwasa gwiwa. In babu zafi tare da ƙarar, kada ta tsorata ka. Gwiwoyi masu lafiya da yawa suna yin ta.

Wanda bai kamata ya sa filasta ba

Karanta wannan sashe sau biyu. Akwai ciwon gwiwa wanda filasta ba ya yi masa komai sai ɓata lokaci, kuma ɓata lokacin yana iya jawo asarar ƙafa ko ta rai. Ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira gobe, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Gwiwa ta kumbura, ta yi zafi in an taɓa, ga zazzaɓi, kuma ba ta lanƙwasuwa. Mai yiwuwa mugunya ce a cikin gaɓar. Tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki.
2. Ka faɗi ko mota ko babur ya buge ka, kuma ba ka iya takawa, ko gwiwar ta kumbura nan take.
3. Ba ka iya ɗaga ƙafar a miƙe in kana kwance. Wataƙila jijiyar ta tsinke ko ƙoƙon ya fashe.
4. Gwiwa tana kullewa, ta ƙi miƙewa, ko tana kuɓucewa ka faɗi.
5. Sharaɓa ta kumbura tana ciwo, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance. Jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya.
6. Akwai tsohon rauni na harsashi, sara ko karaya kusa da gwiwa, yana fitar da ruwa ko yana tashi lokaci lokaci.
7. Gwiwa ta yi watanni a kumbure, mutum yana ramewa, yana gumin dare ko tari. Tarin fuka yana kama gaɓoɓi.
8. Yaro ko saurayi yana jin ciwon da ke hana shi barci kowane dare, ga kumburi mai tauri kusa da gwiwa.
9. Yaro yana ɗingishi yana cewa gwiwa ce. Sau da yawa ciwon yana ƙugu ne, a gwiwa kawai yake jinsa.
10. Mai sikila ya sami ciwon ƙashi tare da zazzaɓi.

Haka kuma ba a manna filasta a kan gyambo, ƙuraje, ƙuna, ko sabuwar tsaga. Mai ciwon sukari da wanda ya taɓa yin kuturta, in fatarsu ba ta jin taɓi sosai, kada su sa sai ma'aikacin lafiya ya duba, domin filasta zai iya yi musu rauni ba su sani ba. Tsofaffi masu siririyar fata ma haka.

Filasta iri biyu ne

Na farko shi ne mai tauri, wanda ba ya miƙewa. Launinsa fari ne ko ruwan ƙasa, faɗinsa wajen santimita 4. Wata likitar gashin ƙashi 'yar Ostareliya, Jenny McConnell, ita ce ta bayyana hanyar ɗaure ƙoƙon gwiwa da shi a 1986, kuma har yau da sunanta ake kiran hanyar. Gamsa yana da ƙarfi, saboda haka ana fara shimfiɗa wani farin filasta mai laushi a ƙarƙashinsa don a kare fata. A kantin magani za ka ji sunayen Leukotape ga mai taurin, da Hypafix ko Fixomull ga mai laushin. In babu su, filastan ƙyalle na asibiti, wanda a Bangui ake ce wa sparadrap, yana iya aiki in mai faɗi ne kuma ba ya miƙewa.

Na biyu shi ne mai miƙewa kamar roba, mai launi shuɗi, baƙi ko ruwan hoda, faɗin santimita 5. Wani ɗan Japan mai suna Kenzo Kase ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1970. Duniya ta san shi sosai a wasannin Olamfik na Beijing a 2008, da aka gan shi a jikin 'yan wasa. Ana kiransa Kinesio. Launin ba ya ƙara masa komai, baƙi da shuɗi duk ɗaya ne.

Ka sani babu magani a cikin ko wannensu. Gam ne da ƙyalle. Aikin filasta shi ne ya sauya yadda nauyi ke sauka a kan ƙoƙon, ya kuma sa ƙwaƙwalwa ta riƙa jin inda gwiwa take, sai zafi ya ragu har ka iya motsa ƙafa. Jagorar da likitocin gashin ƙashi na Amurka suka fitar a 2019 ta ce a yi amfani da shi tare da motsa jiki, na ɗan gajeren lokaci, wajen mako 4. Filasta kamar sanda ne a hannun mai jinya. Yana taimaka maka ka tashi, amma ƙafarka ce za ta yi tafiyar.

Kada ka yi amfani da salatif, ko baƙin filastan masu gyaran wuta, ko robar tayar keke. Suna ƙona fata, suna kuma tare jini. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shiri kafin mannawa

1. Gwajin fata. Manna ɗan guntu a cikin cinya ka bar shi wuni guda. In wurin ya yi ja, ƙaiƙayi ko bororo, wannan filasta ba naka ba ne.
2. In akwai gashi, a rage shi da almakashi, ko a aske kwana ɗaya kafin nan da sabuwar reza.
3. Wanke gwiwa da sabulu, ka shanya ta sarai. Kada ka shafa man kaɗe, basilin ko man zafi. Gam ba ya kama fata mai maiƙo.
4. Gwajin ciwo. Nemi abu ɗaya da ke tayar maka da ciwon, kamar sauka daga dakali ko rabin tsuguno. Yi shi sau ɗaya, ka ba zafin maki daga 0 zuwa 10. Riƙe makin a ka.

Karon farko, ka bar ma'aikacin lafiya ya manna maka kana kallo. Gani ya kori ji. Bayan haka kai ko wani na gida zai iya.

A duk bayanin da ke tafe, "gefen waje" shi ne ɓangaren ƙaramin yatsan ƙafa. "Gefen ciki" shi ne wanda ke kallon ɗaya gwiwar.

Hanya ta 1: jan ƙoƙo zuwa ciki

Wannan ita ce hanyar da aka fi amfani da ita, da filasta mai tauri.

1. Zauna a bakin kujera ko a kan tabarma. Miƙe ƙafa, ka sa ɗan naɗaɗɗen zane a ƙarƙashin gwiwa. Saki cinya har ƙoƙon ya yi motsi in an taɓa.
2. Shimfiɗa farin filasta mai laushi a gicciye, daga gefen waje zuwa gefen ciki, ya rufe ƙoƙon. Kada ka ja shi.
3. Yanki filasta mai tauri wajen santimita 12 zuwa 15. Manna bakinsa a daidai gefen waje na ƙoƙon.
4. Da babban yatsa, tura ƙoƙon a hankali zuwa ciki. Da sauran yatsu, tattaro naman gefen ciki zuwa wajen ƙoƙon.
5. Ja filastan ya haye ƙoƙon, ka manne shi a gefen ciki. Za ka ga fata ta ɗan tattare a ƙarƙashinsa. Daidai ke nan.
6. Kada filasta ya kai bayan gwiwa, kada kuma ya zagaye ƙafa.

Yanzu tashi ka maimaita gwajin ciwo. In zafin ya ragu da rabi ko fiye, misali daga 6 zuwa 3, ka dace. In bai ragu ba, cire mai taurin ka gwada hanya ta 2. In ya ƙaru, cire duka.

Hanya ta 2: gyara karkata

Ga wasu, ƙoƙon ba matsawa ya yi ba, karkata ya yi, gefensa na waje ya nutse kamar faifan da aka danne bakinsa. Shiri ɗaya ne da na farko. Bambancin shi ne za ka fara manna filasta mai tauri daga tsakiyar ƙoƙon, ba daga gefensa ba, sannan ka ja zuwa ciki. Wannan yana ɗaga gefen da ya nutse. In ya rage zafi amma bai kai rabi ba, ka ɗora na hanya ta 1 a kansa.

Hanya ta 3: ɗage naman ƙasan ƙoƙo

A ƙarƙashin ƙoƙon, dama da hagu na jijiyar, akwai ɗan matashin kitse mai jin zafi ƙwarai. In ciwonka yana nan, kuma ya fi tsanani in ka daɗe a tsaye da gwiwa a ƙame, kamar mai tsaron shago ko mai daka, wannan hanyar ce taka.

1. Shimfiɗa farin filasta yadda zai yi siffar V a ƙasan ƙoƙon.
2. Taɓo ɗan tudun ƙashin da ke saman ƙwauri, wajen faɗin yatsu uku ƙasa da ƙoƙon. Nan ne gindin V.
3. Daga nan ja guntu ɗaya sama zuwa gefen ciki na gwiwa, kana tattaro naman zuwa wajen ƙoƙon.
4. Ja na biyu haka nan zuwa gefen waje.

Naman da ke tsakiya zai ɗan taso. Kada wani filasta ya danne ƙasan ƙoƙon. In za ka haɗa da hanya ta 1, manna ta a rabin ƙoƙon na sama.

Hanya ta 4: filasta mai miƙewa

Wannan ya fi daɗin sawa ga mai tafiya da yawa, kuma ba ya bukatar farin filasta a ƙasa.

1. Yanki guda biyu, kowanne wajen santimita 25. Zagaye kusurwoyinsu da almakashi don kada tufafi su ɓanɓare su.
2. Zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe.
3. Manna bakin na farko a cinya, faɗin tafin hannu sama da ƙoƙon, ba tare da ja ba.
4. Ja shi kaɗan, ka bi da shi ta gefen waje na ƙoƙon, ya lanƙwaso ya ƙare a kan tudun ƙashin ƙwauri.
5. Yi haka da na biyu ta gefen ciki. Ƙoƙon zai zauna a tsakiyarsu kamar ƙwai a cikin sheƙa.
6. Santimita 4 na farko da na ƙarshe, kada a ja su ko kaɗan. Jan bakin ne ke kawo bororo.
7. Goga shi da tafin hannu har ya yi ɗumi, ka jira rabin awa kafin ka fita aiki.

Hanya ta 5: ga samari masu ƙwallo

Yaro mai shekara 10 zuwa 15 da ke yawan gudu da tsalle yakan sami ciwo a kan tudun ƙashin ƙwauri, wurin ya ɗan kumbura ya yi tauri. Likitoci biyu, Osgood na Amurka da Schlatter na Suwizalan, sun bayyana wannan ciwo a 1903. Ƙashin ne ke girma, jijiya kuwa tana jansa. Yakan tafi da kansa in girma ya tsaya, ko da yake tudun na iya zama. Iyaye, kada a tsaga shi, kada a yi masa sakiya. A rage ƙwallo na 'yan makonni. Lokacin wasa, ana iya manna guntun filasta a gicciye a kan jijiyar, tsakanin ƙoƙo da tudun, a gaba kawai, a cire in an gama.

Kwana nawa zai yi, kuma yaya ake cire shi?

Mai tauri, a sa da safe a cire da dare, fata ta sha iska. In ya saki da rana, ɗaga bakinsa na ciki ka sake ja. Mai miƙewa yana iya kwana 3 zuwa 5, amma a zafi da gumin Bangui, musamman da damina, kwana 2 ko 3 ya isa. Bayan wanka a dafa shi da tawul, kada a goge.

Wajen cirewa, kada ka fizge. Jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, ko ka shafa man gyaɗa a kansa ka jira kaɗan. Danne fata da hannu ɗaya, ka naɗe filastan a hankali ta inda gashi ya kwanta. Bayan ka cire, wanke wurin, ka shafa mai da dare, ka wanke man da safe.

Cire shi nan take in ka ji ƙaiƙayi mai tsanani, zafi kamar ƙuna, ko ƙafa ta yi sanyi, ta mutu, ko ta kumbura. Ajiye naɗin filasta a inuwa cikin leda. Wanda ya sha rana a kan tebur a kasuwa, gamsa ya riga ya lalace.

Abin da ke warkarwa: ƙarfafa tsoka

Ga inda aikin yake. In ka manna filasta wata guda ba ka motsa tsoka ba, ranar da naɗin ya ƙare ciwon zai dawo, kuɗinka kuma sun tafi. Wanda ba shi da kuɗin filasta ma, in ya riƙe waɗannan, zai sami sauƙi. Yi kowanne sau 10, ka huta, ka maimaita har zagaye 3, aƙalla kwana 3 ko 4 a mako.

1. Ƙame cinya. Zauna da ƙafa a miƙe, danna bayan gwiwa ƙasa, ƙirga 5, saki.
2. Ɗaga ƙafa a miƙe. Kwanta rigingine, lanƙwasa ƙafa mai lafiya, ɗaga mai ciwon har ta kai tsayin ɗaya gwiwar, sauke a hankali.
3. Ɗaga ta gefe. Kwanta a gefen mai lafiya, ɗaga ƙafar sama a miƙe, dunduniya tana ɗan komawa baya. A ɗuwawu za ka ji aikin.
4. Gada. Kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ɗaga ƙugu sama, ƙirga 5.
5. Tashi da zama. Daga kujera mai tsayi, tashi ba tare da dafa hannu ba, ka zauna a hankali. Lura gwiwa ta kalli yatsan ƙafa na biyu, kada ta faɗa ciki.
6. Bayan mako 2 ko 3, ƙara sauka daga kan bulo ko ƙaramin dakali a hankali, da ƙafa mai ciwon a sama.

Ɗan zafi kaɗan lokacin motsin ba laifi, in dai ya kwanta kafin washegari. In ya kwana ya wuni, ka yi yawa, rage. Yawancin mutane suna fara jin bambanci a mako 6, cikakken sauƙi kuwa yakan ɗauki watanni. Sannu ba ta hana zuwa. Da zafi ya ragu, riƙa sa filasta ranar aiki mai nauyi kaɗai, har ka bar shi gaba ɗaya.

A gida, a gona, a wurin ibada

Ba mu ce ka kwanta ba. Kwanciya tana ƙara raunana tsoka. Rage abin da ke tayar da ciwon na 'yan makonni, ka ci gaba da sauran.

Uwargida, ɗaga kujerar girki da ta wanki. Ɗora bahon wanki a kan benci ko turmi da aka kifa. Raba ruwan da kike ɗauka gida biyu. In gaisuwa ta kama a durƙusa, ki gaya wa manya gwiwa ce, ki rusuna kawai. Babu surukar kirki da za ta so ki gurgunce saboda gaisuwa.

A masai, kafa sanda ko igiya da za a riƙa kamawa wajen tashi, ko a yi kujerar katako mai rami. Manomi ya sa wa fartanya doguwar ƙota. Tela da direba su tashi su miƙe ƙafa bayan kowane rabin awa ko awa guda. Mai dako ya rage kaya ya ƙara sawu, ya kuma gangara tudu da gajeren taki. Takalmin da dunduniyarsa ta cinye gefe ɗaya, a canza shi. In jiki ya yi nauyi, kowane kilo da aka rage, gwiwa za ta gode ninki uku a kan matakala.

A coci, wanda durƙuso ke wahalar da shi ya yi addu'a a zaune. Ɗan'uwa Musulmi, addini ya yi wa marar lafiya sauƙin yin salla a zaune. Tambayi limaminka yadda ake yi, da kuma hukuncin filasta wajen wanka. Shimfiɗa mai laushi a ƙarƙashin gwiwa tana taimakon kowa.

Ƙwayoyi, tsaga da ƙaho

In zafi ya dame ka, babban mutum yana iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 2 a lokaci guda, tsakanin sha da sha aƙalla awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya. Ibuprofen da diclofenac, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki suna lalata ƙoda. Mai juna biyu, mai gyambon ciki da mai hawan jini kada su sha sai da izinin likita. Ka guji ƙullin ƙwayoyi marasa suna da ake sayarwa a bakin titi. Sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, mai kumbura fuska, ya ta da sukari, ya raunana ƙashi. Tramadol kuwa yana rufe zafi har ka yi wa gwiwa lahani ba ka ji ba, sannan ya kama ka ya ƙi saki.

Wannan ciwo ba mugun jini ba ne, saboda haka tsaga da ƙaho ba su da abin da za su fitar. Aska kusa da gaɓa tana iya shigar da ƙwayar cuta, ciwo mai sauƙi ya koma na mugunya. Ba karaya ba ce kuma, balle a kai wa maɗori ya ɗaure da karare.

In sauƙi bai samu ba

In ka yi mako 6 kana motsa jiki yadda aka faɗa ba ka ga canji ba, koma ɗakin shan magani mafi kusa. Za a sake duba gwiwa, ƙugu da tafin ƙafa. In da bukata, za a ba ka takarda zuwa wurin likitan gashin ƙashi, wanda a nan ake ce wa kiné. A Bangui, manyan asibitoci irin su Hôpital Communautaire da Hôpital de l'Amitié suna duba ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Ka tafi da katin asibitinka da kwalin duk maganin da ka sha.

Abubuwan tunawa

- Kumburi da zafi da zazzaɓi: asibiti yau, ba filasta ba.
- Gwada fata, gwada ciwo. In bai rage rabi ba, sake hanya ko ka cire.
- Filasta ba ya zagaye ƙafa.
- Filasta na makonni ne, ƙarfin tsoka na shekaru.

In kun taru a zumuntar mata, ko ƙungiyar matasa, ko a zauren mai unguwa, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran. Ku gwada motsin nan shida tare, ku kuma tambayi juna: wane aiki ne a garinmu ya fi cin gwiwa, kuma me za mu sauya a cikinsa? Allah ya ƙara mana lafiya.